Telar da ta ƙi ɗaukar hoto

Akwai wata tela da 'yan majami'arsu ke kira Goggo Allura, saboda ɗinkinta da kuma kaifin bakinta. Ikilisiya ta tura ta wata ƙasa mai nisa aikin bishara na shekara uku, tana koya wa mata ɗinki a wani ɗaki mai taga biyu da kekunan ɗinki goma sha huɗu.

Tawagar masu bisharar da ta tarar a can tana da ƙa'ida. Duk wadda aka ba keke, sai ta tsaya ta rungume shi a ɗauke ta hoto, a aika gida a nuna wa masu ba da gudummawa. Da fari Goggo ma ɗauka take yi, har da "murmusa mana!" Sai ranar da wata ɗaliba ta ja ƙyallen da take ɗinkawa ta rufe fuska, hawaye ya jiƙa shi. Kunya ta kama Goggo har ƙafa. Tun ranar ba ta sake ɗaga waya a ajin nan ba.

A shekara ta biyu aka kawo sabon Fasto, mutumin kirki dai, amma rahoto ya shiga ransa. Ya leƙo aji ya hango wata dattijuwa da mijinta ya rasu, takalminta ɗaure da zare.

"Goggo, ga wadda nake so a shafin farko. Ki ɗauko har da takalmin."

"Ranka ya daɗe, wannan shugabar makaranta ce a da. 'Yarta na karatu a birni, ba ta san uwar ta shiga wannan hali ba. Uwar ta roƙe ni kada a ɗauke ta hoto, na yi mata alkawari."

"Wa zai gani? Gida fa za a aika."

"Allah zai gani, ita ma za ta sani. Ba zan ɗauka ba."

Fasto ya ɗaure fuska. "Ko hoto ranar Juma'a, ko tikitin komawa."

Kai jama'a, maganar ta soke ta! Ta san abin da za a ce a gida: an tura ta aikin Ubangiji, rashin kunya ya koro ta. Ta shiga ɗaki ta sha kukanta. Da ta fito ta ce, "Fasto, ɗinki na zo koyarwa, ban zo tsiraita kowa ba. A yanko tikitin."

Ranar Juma'a da hantsi tana ɗaure akwati, sai ta ji hayaniya a waje, ta fito. Matan ajin ne gaba ɗaya, kowacce ɗauke da kan kekenta. Suka jere su a gaban ofishin Fasto, dattijuwar nan a gaba.

"Mun ji saboda ni Malama za ta tafi," in ji ta. "Ga kekunanku, mun gode. Da mutuncinmu kuka same mu, da shi za ku bar mu."

Fasto ya fito bakin ƙofa. Sabo da yi, hannunsa ya riga ya ciro waya daga aljihu.

Goggo ta riƙe ƙugu. "Ɗauka mana, ranka ya daɗe. Ai wannan ma rahoto ne."

Ya dubi wayar, ya dubi takalmin nan mai zare, ya mayar da ita aljihu. Ya sunkuya ya ɗauki keken dattijuwar ya saɓa a kafaɗa, ya kai shi aji da kansa, gumi na zuba. Da ya ajiye ya ce, "Mama, ki gafarce ni."

Goggo ta cika shekara ukunta cif. Rahoton shekarar ya tafi da hotunan riguna kawai, rataye a igiya.

Darasi: Taimakon da sai mutum ya zubar da mutuncinsa kafin ya karɓa, cin fuska ne. In ka ba mabukaci, ka bar masa darajarsa, ko da tsayawa a kan haka zai ci maka kujera. Ku tura wa duk mai aikin taimako da kuka sani.