Jakin da Ya Kawo Buhun Wani

An ce wata rana Hajiya Dudu, mai wani kamfanin sadarwa, ta kori ma'aikaciyarta Asabe, yarinyar da ta riƙa tun tana goye, domin daga akwatin imel ɗin Asabe umarni ya fita aka karkatar da saƙonnin mutane zuwa hannun ɓarayi. Asabe ta rantse hoton biki kawai ta latsa a wani shafi. Hajiya ta toshe kunne, ga ta da zuciya kamar tafasar ruwa.

Sai tsohon injiniyanta Malam Jibo ya ce, "Ranki ya daɗe, kada ki yi irin ta Madugu Gambo."

Ta ce, "Me ya yi?"

Ya ce, "Madugu yana da jaki mai jan akumari. Duk sa'ad da ya tsaya bakin rumbu, mai gadi sai ya loda masa hatsi, ba tambaya. Wani ɓarawo ya yaudari jakin da dusa, ya ɗora masa buhunansa, ya kora shi rumbu, aka cika masa. Madugu ya kori ƙanensa mai kiwon jakin. Yaron na kuka a gindin tsamiya, sai kurciya ta ce, 'Yi haƙuri, naka irin na ƙudan zuma ne. Masu tsaron amya da ƙamshi suke gane 'yan gida. Wata 'yarsu ta sauka kan furen da aka barbaɗa wa guba, ta dawo, suka buɗe mata, amya ta mutu ƙurmus. Sun san wadda ta shigo, ba su tambayi abin da ta ɗauko ba.' Kafin Madugu ya gane, ƙishirwa ta kashe ƙanensa a daji. To, na'urarmu mai gadin nan ce, Hajiya. Hoton nan tarkon ɓarayi ne, da Asabe ta latsa shi umarninsu ya shigo da sunanta. Na'urar ta ga shaidar Asabe, ba ta tambayi wanda ya aiko ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa namu ne."

Nadama ta kama Hajiya. Ta ce, "Ka yi gaskiya. A gyara, kada na'urar ta ƙara karɓar umarni sai da alamar da ita na'urar ta bayar da kanta."

Ta buga wa Asabe waya. Uwarta ce ta ɗauka, ta ce, "Ta koma ƙauye, Hajiya. Ta ce a gaya miki ta yafe, amma kada a neme ta."