Fitilun Motar Malam Shitu

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na zo muku da wata magana da ni kaina, da na shekara talatin a kan sitiyari, ban san inda zan sauke ta ba.

A wani gari da ake kira Unguwar Kanya an yi wani dattijo, Malam Shitu mai haƙar rijiya. 'Ya'yansa uku. Babban shi ne Tasi'u, direban bas, mutum mai hannu a tuƙi amma zuciyarsa a kusa take. Mai bi masa Barira, tela ce. Autansu Nafi'u, magidanci ne shi ma, yana gyaran wayar mota a tasha.

Malam Shitu na da ƙane da ya daɗe a Ingila. Wata shekara sai ga shi ya aiko masa da wata irin mota da ba a taɓa gani ba a garin. Ɗaki ne sukutum a kan taya, da gado a ciki, da wurin girki, har da makewayi. Sitiyarinta kuwa a hannun dama yake, domin can ƙasar hannun hagu suke bi a titi. Aka yi kallo har aka gaji, aka ajiye ta gindin ɗorawa. In ta fita, da rana ne, zuwa ɗaurin aure ko kasuwa.

Wata Laraba da la'asar, Malam Shitu, wanda ya shiga rijiya ɗari bai ƙwarzane ba, ya faɗo daga tsani yana gyaran rufin rumbu. Malamin asibitin garin ya duba shi, fuskarsa ta canja. Ya ce ƙugu ya karye, kuma yana zaton jini na zuba a ciki. Dole a kai shi babban asibiti a birni yanzu yanzu, a kwance, kada a zaunar da shi ko na minti ɗaya. Motar asibiti tana gareji. Abin da ke da gado a garin nan kuma yake tafiya, ɗakin nan ne na gindin ɗorawa.

Aka ɗora tsoho a kan ƙyaure aka shigar da shi. Ana sallame magariba suka hau titi, Tasi'u na tuƙi, Barira da Nafi'u na tare da shi.

Motar farko da ta taho ta watso musu dogon haske. Tasi'u ya duba, fitilarsa a sauke take. Ta biyu ta yi haka, ta uku har da oda. Ku da kuke bin hanya kun san halinmu: in ka kashe mini ido, sai na kashe naka. Kowace tirela ta ɓullo sai ta kunna duk abin da Allah Ya hore mata ta zuba musu a fuska. Tasi'u ya sauke, ya ɗaga, ya sake saukewa, babu abin da ya canja. Daga nan zuciya ta ɗebe shi, ya shiga ramawa. Wata tanka ta ba shi amsar da ta sa bai ga titi ba sam, tayar gaba ta sauka gefen kwalta, motar ta yi tangal-tangal, tsohon ya yi wata ƙara da ta tsinka musu zuciya.

Suka lallaɓa suka tsaya a wani tsohon gidan mai da aka daina aiki da shi, gaban motar na kallon farin bango. Babu wanda ya san abin da ke faruwa. Tasi'u ya ce direbobin hanyar nan ne marasa tarbiyya. Nafi'u ya ce ƙwan fitilar ne ya yi ƙarfi. Sai gardama ta kaure, a tsaya ko a ci gaba. In an tsaya, jini na zuba. In an ci gaba, rami na jira. Tsoro ya kama su duka ukun, kuma ba su ɓoye wa juna ba.

Barira kuwa bango take kallo. Idon tela, ko zare ya karkace sai ya gani. Ta lura hasken da ke jikin bangon ba a miƙe yake ba: ta dama a kwance yake, ta hagu kuwa ya tashi sama kamar an yanka wuyan riga a karkace. Ta ce, "Yaya Tasi'u, su can hagu suke bi, ko? To fitilar gefen titinsu take leƙawa don ta ga mai tafiya a ƙasa. Mu nan gefen nan idon mutane ne." Sai kuma ta dafe kai. Ta tuna ranar da motar ta iso akwai wasu baƙaƙen faci manne a gilashin fitilun, waɗanda Baturen da ya mallake ta a dā ya manna don ƙetarewa da ita zuwa ƙasashen da ke bin dama irin tamu. Ita ce ta ɗauka datti ne, ta sa kananzir da reza ta kankare su tas, har ana yaba mata tsafta. Ita ta gano ciwon, ita ce kuma ta jawo shi.

Nafi'u na jin haka ya tuna maigidansa na dā ya taɓa ce masa irin waɗannan fitilu suna da wani ɗan ƙarfe a bayansu, in ka tura shi nan fitilar ta yi daidai da masu bin hagu, in ka mayar can ta yi daidai da masu bin dama. Bai taɓa gani da idonsa ba. Ya buɗe gaban motar, injin na huci, wurin kuma ko hannun yaro da ƙyar zai shiga. Ya cusa nasa, yana lalube a makance, ƙarfe mai zafi na cin fatar damtsensa. Bai cire ba sai da ya ji ƙas. Hasken fitila ɗaya ya kwanta a bango lafiya lau. Murna ta sa ya yi wa ta biyun garaje. Tsatsa ta riga ta ci ƙarfenta, ya matsa da ƙarfi, ya karye a hannunsa. Ya gyara ɗaya, ya kashe hanyar gyaran ɗaya har abada.

Saura faci. Akwai baƙin salatif a aljihun Nafi'u, akwai almakashi a jakar Barira, amma a ina za a manna? Suka manna nan, haske ya dushe can inda ba a so. Suka ɓare suka mayar can, abin ya ƙara rikicewa. Sai Tasi'u ya taka ya yi nisa, ya juyo ya durƙusa daidai tsayin mai zaune a ƙaramar mota, ya buɗe ido ya kalli fitilar kai tsaye, abin da ko maƙiyinka ba ka so ya yi.

Ya ɗaga murya, "Ku matsa hagu!"

Barira ta ce, "Hagun wa? Naka ko na motar?"

"Hagu dai! A'a, ba nan ba! Ɗaya hagun!"

Haka suka yi ta yi, hawaye na zuba daga idonsa, tsoho na nishi a ciki, har Allah Ya sa facin ya faɗa inda ya dace, Tasi'u ya ce ya daina jin sukar hasken. Ya wanke fuska, ya jira taurarin da ke yawo a idonsa suka ragu, ya hau. Da fitila ɗaya da rabi ya tuƙa sauran hanyar, ga ramuka, ga sitiyari a gefen da bai saba ba, amma ko ruwan da ke cikin kofi bai zube ba. Babu motar da ta sake watso musu haske. Sai dai kada ku manta, ramuwarsa ce ta kusa kifar da su tun farko.

Likita ya karɓi Malam Shitu aka shiga da shi ɗakin tiyata. Da likitan ya fito ya ce da sun ƙara rabin awa, da sai dai wani labarin. Su kuwa sun san tsayuwarsu a gidan man nan ta kai rabin awa har da ɗoriya, don haka ba su san ko su yi alfahari da ita ba ko su ji kunyarta.

Bayan wata biyu tsoho ya dawo gida yana dogara sanda. Ya tara su, ya fito da makullin motar. Ya ce ba ya son sake ganin rufinta, kuma ya yi alkawari tun a gadon asibiti zai ba wanda ya ceci ransa. Mota ba ta rabuwa uku, shi kuma ba zai sayar da kyautar ɗan'uwansa ba.

Nan fa ake yinta, jama'ar gari suka rabu gida uku. Masu goyon bayan Barira suka ce ba don idonta ba da har yanzu ana zagin direbobin tirela. Aka ce da su ai da ta bar facin mutane a inda ta gan shi, da ba a tsaya ba ma. Masu son Nafi'u suka nuna tabon hannunsa, suka ce salatif ɗin nan bai isa ya rufe fitila biyu a bar abin ganin hanya ba. Aka ce to wa ya karya ƙarfen? Na Tasi'u suka ce gano ciwo da gyaran fitila ba sa kai mutum asibiti, sai an tuƙa. Aka tuna musu ƙarar da tsohon ya yi a gefen kwalta.

Malam Shitu ya saurare su duka, kansa ya ƙara ɗaurewa. Ya ce, "Ni a kwance nake, ban ga komai ba. Abin da na sani kawai, na fita ina sallama da duniya, ga ni kuma ina shan kunu. Ɗayanku ne ya dawo da ni, ko dukanku, ban sani ba. Makulli dai ɗaya ne."

Ya miƙa hannu, makullin na lilo, ya rasa tafin da zai saka shi.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, kada kowa ya ce mini a ba su su riƙa karɓa-karɓa. Da mai idon da ya gano, da mai hannun da ya ƙone, da wanda ya kalli hasken ya kuma kai tsohon asibiti, wane ne a cikinsu ya ceci ran Malam Shitu?