Ruwan Masu Albasa

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa a birnin Kwargaba da hisabi ake raba wa masu lambu ruwan madatsa. Kowane rabo a kasa shi goma, kowane kashi a sake kasa shi goma. Kafin malaman fada su gama lissafi, shuka ta fara langaɓewa.

Ana nan sai wani masani, Malam Barau, ya zo da sabuwar hanya. Abin da ake wuni ana yi, kafin a shimfiɗa buzu ya gama. Sarki ya yi murna, ya ce wa Waziri Jatau, "Rubuta shaidar saurin nan, a aika wa garuruwana. Wanda ya kushe ta, a bakin rawaninsa."

Waziri dattijo ne mai bin diddigi. Ya gwada hanyoyin biyu, ya tarar sabuwar ta fi sauri nesa ba kusa ba. Amma ɗan guntun da ke saura a kowace rabawa, liƙa wa na kusa da madatsa take yi. Guntayen nan kuwa, a tsohuwar hanya, su ne ke taruwa su isa ƙarshen magudana, inda talakawa ke noman albasa. Waziri kuwa yana son rawaninsa ƙwarai.

Duk da haka ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an ce wuta ta mutu a wani gari, aka aiki wani mai gudu ya ɗebo garwashi cikin kasko daga ƙauyen gaba. Ya sheƙo a guje, ya iso tun ba a fara jiransa ba. Magatakarda ya rubuta cewa ba a taɓa sauri irin wannan ba. Bai kuwa yi ƙarya ba. Sai dai da aka buɗe kaskon, toka ce."

Sarki ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "Me ya zube a hanya, Waziri?"

"Ruwan masu albasa, ranka ya daɗe."

Aka kira Malam Barau. Bai yi musu ba, ya gyara hisabinsa yadda zai tafi da guntun har ƙarshe. Saurin ya ɗan ragu, amma har yanzu tsohuwar hanya ba ta ganin ƙurarsa. Waziri ya rubuta duka: saurin, da ɓarin, da gyaran, da yadda kowa zai gwada da kansa. Sarki ya ƙara masa alkyabba a kan rawanin.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, mai shaidar gudu ya buɗe kasko kafin ya ɗauki alƙalami. A shekarar nan, albasar ƙarshen magudana ta kai kasuwa.