Ranar da Zalɓe Ya Ƙi Shiga Ruwa

Ga ta nan, ga ta nan ku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Malam.

To, ku matso. Amma in gaya muku tun yanzu, ba dukanta ta iso ba. Na ji ta ina saurayi, a wani gari na bakin gulbi inda na yi damina biyu ina karatu. Sunan garin ya ɓace mini. Akwai waƙa a tsakiyarta, ita ma ta bi shi. Abin da ya rage a hannuna shi zan ba ku.

Zalɓe dai kun san shi, dogon tsuntsun nan na bakin ruwa. A da manomi ne, gyaɗa yake shukawa, da ita yake ci da iyalinsa. Garinsu akwai babban tafki, ba a taɓa shi sai sau ɗaya a shekara, can ƙarshen bazara. Ranar ake kira ranar su. Kowa ya fito, ana kiɗa, ana iyo, ana kama kifi. Amma ba mai shiga sai da gora da homa. Gora, Asabe, shi ne ƙaton duman da ake kwanciya a kai a yi iyo. Homa kuwa ragar hannu ce.

Mai sayar da su ɗaya ne tak a garin, Kurege. Shi ba ya karɓar kuɗi, sai gyaɗa. Ku duba mugunta fa. Ranar su tana zuwa ne rumbu ya yi ƙasa, ba sauran gyaɗa a gidan kowa sai ta iri.

Wata shekara Zalɓe ya je rumfar Kurege da safiyar su.

Ya ce, "Gora da homa nawa?"

Kurege ya ce, "Mudu goma."

"Goma! Zinariya ka zuba a ciki?"

"Dogo, in ba ka saye ka matsa, akwai na bayanka. Ba ka jin ganga?"

Ganga na kira, 'ya'yansa na jan rigarsa. Zalɓe ya koma gida ya auno rabin irinsa. Goran ma a cikin ruwa ya tsage, homar ta yage. Damina ta zo, rabin gonarsa gyaɗa, rabi ƙaya. Shekarar nan yaransa sun kwana da yunwa ba sau ɗaya ba.

Da kaka ta yi, Zalɓe ya bi ta kasuwa. Ga Kurege zaune yana korar ƙuda, ƙura ta rufe goruna, ba mai ko kallonsu.

Kurege ya ce, "Yaya Zalɓe! Babban yaya! Zo ka ga kaya."

"Yau ni ne yaya? Ina Dogo ya tafi?"

"Haba, wasa ne. Ɗauki gora da homa, kawo mudu ɗaya."

Zalɓe ya ƙura wa kayan ido. Kayan nan dai su ne, ba a ƙara musu komai ba, ba a rage ba. Ashe ba gora ya saya da mudu goma ba, gaggawarsa ya saya. Ya zaɓi mai kauri, ya biya. Bai ɓoye ba kuma. Ya gaya wa Agwagwa, ya gaya wa Kunkuru, ya gaya wa Bushiya. Kafin mako ya zagayo gari duk ya saya, kowa ya rataye nasa a ɗaki, ya ɗaure bakin buhun irinsa.

Bazara ta matso. Kurege ya sake cika rumfa da kaya, ya zauna. Shiru. Sai ya cika ƙoƙo da man shanu ya nufi gidan Kada.

Kada shi ne Sarkin Ruwa, shi ke ba da izinin shiga tafki. Ya tsufa, haƙora sun zube, ba ya iya kama ko ɗan tsako. Abin da yake ci shi ne kasonsa na ranar su: duk wanda ya fito daga ruwa ya ajiye masa kifi ɗaya, a busar masa, ya ci har shekara. Me suka faɗa shi da Kurege? Nan ma na manta. Amma ƙoƙon dai wayam ya koma.

Ranar su, gari ya taru a bakin tafki. Sai ga Kwaɗo, mai shelar Sarki, ya hau kan dutse.

"Ku ji, ku ƙara ji! Sarkin Ruwa ya ce, goran da ba jan zare a wuyansa ba ya shiga!"

Aka waiwaya. Ga Kurege da jan zare a rataye, kowane ɗauri mudu uku.

Zalɓe ya ce, "Yau ga ikon Allah. Kifi ne ya ce yana son ado?"

Sai matarsa ta taso. Ta kwance jan kallabinta, ta warware shi zare-zare, ta bi kowa ta ba shi. Aka ɗaure goruna.

Kurege ya ruga ya raɗa wa Kada magana. Kwaɗo ya sake hawa dutse.

"Ku ji, ku ƙara ji! Homar da ba shaidar haƙorin Kurege a ƙotarta ba ta shiga!"

Kowane cizo mudu biyar. Cizo fa, Tanko! Abin da kare ke yi kyauta.

Sai Gafiya ta fito daga cikin taro ta ce, "Ai ni da shi kakarmu ɗaya, haƙorinmu ɗaya. Ku miƙo." Ƙaras, ƙaras, ƙaras, ta cije su kaf, ko ƙwayar gyaɗa ba ta karɓa ba.

Kurege ya sake rugawa. Kwaɗo ya hau dutse na uku, wannan karon kansa a sunkuye.

"Ku ji, ku ƙara ji. Duk kayan da aka saya kafin tsayuwar watan nan ba su shiga. Wai kifi na jin warin tsohon kaya."

Kurege ya daka tsalle kan rumfa ya ce, "Ga sabo fil! Mudu ashirin!"

Ashirin kuwa shi ne dukan irin da ke gidan Zalɓe. Yara suka fara kuka. Bushiya ta juya za ta gida ɗauko buhunta, tana share hawaye.

Ran Zalɓe ya ɓaci, har gashin wuyansa ya miƙe.

Ya ce, "Bushiya, dawo! In kin ba shi irinki, ranar shuka wajen wa za ki saya? Wajensa! Ya sayar miki da gora don ya karɓe gyaɗarki, ya sayar miki da gyaɗarki don ya karɓe gonarki. Da kaka ni ne yaya, yau ni ne saniyar tatsa? Wallahi ko ɓawo ba zai gani ba!"

Kada ya ɗago kai ya ce, "Wane ne mai hayaniya a gabana?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Doka taka ce, mun bi. Ba za mu shiga ba. Allah ya ba Sarki kifin da zai ci bana."

Ya taka har bakin ruwa, ya ajiye gora, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya tsaya ƙyam. Agwagwa ta tsaya kusa da shi. Kunkuru ya tsaya. Bushiya ta dawo. Makaɗa suka ajiye ganga.

Hantsi ya yi. Kurege ya ce, "Sha biyar!" Ba wanda ya motsa.

Rana ta take tsaka. Kurege ya ce, "Goma! Don Allah fa, don zumunci!" Kunkuru ya leƙo da kai ya ce, "Zalɓe, goma fa ya ce, ga kifi na ta tsalle." Zalɓe ya ce, "Mai da kanka ciki." Ƙaramin ɗansa ya ce, "Baba, sai yaushe?" Wannan ta fi rana ƙuna, amma bai sauke ƙafa ba.

La'asar ta yi. Sai hadari ya leƙo daga gabas, baƙi ƙirin. Al'adar garin kuwa, ruwan fari na faɗuwa an rufe su sai baɗi. Kada ya dubi hadari, ya dubi tafki, ya shafa cikinsa. Man shanu ya daɗe da narkewa.

Ya ce, "Kai Kurege, in ba su shiga ba, kifi nawa za ka kawo mini?"

"Ranka ya daɗe, ai ni ban iya ruwa ba."

"Ba ka iya ruwa ba?"

"Amma akwai sauran jan zare, in Sarki na so."

Kada ya kai masa wutsiya, fau! Kurege ya wuntsila cikin gorunansa.

Kada ya ce, "Kwaɗo, hau dutse!"

"Wace doka kuma, ranka ya daɗe?"

"Ba doka! Su shiga da na kaka, su shiga da na kakanninsu, su dai shiga!"

Ganga ta tashi, tafki ya kece da iyo. Kafin magariba kowa ya cika gora. Bayan kwana uku ruwa ya sauka, Zalɓe ya kwance buhunsa, ya shuka gonarsa daga wannan iyaka zuwa waccan, ba rami ɗaya da ya bari ba iri.

To, jikokina, abin da za ku nema ranar biki, ku saye shi ranar da mai shi ke nemanku. In kuma ya haɗa kai da mai doka, ku haɗa naku ku tsaya. Shi ya sa har yau Zalɓe ke tsaye a bakin ruwa, wuya a noƙe, fushin nan bai gama hucewa ba. Kurege kuwa, da ya rasa mai kawo masa iri, sai ya koma sata.

Wannan ta ƙarshen na daɗe ina shakkarta. Sai wata damina ina kan hanya, na sauka a gonar wani dattijo shan ruwa, na tambaye shi. Ya kama hannuna ya kai ni kunyar da ya shuka gyaɗa shekaranjiya. Rami bayan rami a tone, ga sawun kurege, ga ɓawo a gefe. Da idona na gani.

Ƙurunƙus, kan tarwaɗa!