Allin da Ya Gagari Hajo

"Gida goma sha biyu, Safiyatu! Goma sha biyu, ba alama ko guda!"

"Anti Mas'uda, ɗiyan duk an ɗiga musu. Tahi ki duba yatsunsu, ga tawada nan."

"Yatsun za ni yankowa in kai ma na sama? In ba a rubuta ga bango ba, ba a yi ba! Ina ita Hajon take?"

"Ga ta nan bayanki."

"To ta ji da kyau. Zagayen ga na ƙarewa, sunanta ya hita daga takarda."

Bari in dawo da ku baya kaɗan, don ku san inda aka taso.

Akwai wata mata a Sabon Birni mai suna Hajo. Tana cikin masu bin gida-gida suna ɗiga wa yara rigakafin shan-inna. Safiyatu ce mai ɗigawa. Aikin Hajo kuwa alli ne. In an gama da gida, sai ta rubuta a bango: ranar da aka zo, yara nawa ne a gidan, nawa aka yi wa. Da wannan aikin take riƙe kanta da tsohuwarta.

Shugabarsu ita ce Anti Mas'uda. Gilashi a karan hanci, murya kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Ko gaisuwa ka yi mata, amsar ɗaya ce: "Ni takarda na sani." In ka ce kanka na ciwo, sai ta leƙa takarda ta ga ko an rubuta.

Shekara huɗu Hajo ba ta taɓa tsallake bango ba. To me ya faru?

A zagayen da ya wuce sun je wata 'yar tunga can bayan Gatawa. A gidan ƙarshe yara shida ne, aka yi wa dukansu. Hajo ta rubuta shida bisa shida. Sai wata 'yar yarinya mai giɓi, Fatu, ta riƙe mata hijabi ta ce sai an zana mata kaza. Hajo ta yi dariya, ta zana kaza a ƙarƙashin lambar.

Da suka koma bayan wata biyu, babu kowa a tungar. 'Yan bindiga sun afka mata.

Rumbuna sun zama toka. Tukunya na kan murhu da busasshen tuwo a ciki. Amma bangon nan yana tsaye. Shida bisa shida, ga kaza a ƙasa, ko ruwan sama bai taɓa su ba.

Hajo ta daɗe a gaban bangon. Ba ta yi kuka ba. Ta dai mayar da allinta cikin jaka.

Daga ranar, in ta ɗaga alli sai ta sauke shi ba ta rubuta ba. Abinci ya daina wucewa. Tana cikin tafiya sai ta waiga, wai an ja mata hijabi. Wasu suka ce iska ce ta biyo ta daga kango. Anti Mas'uda ta ce lalaci ne ya yi ƙiba.

Ranar ƙarshe ta zagayen, aikin ya faɗo unguwar Anti Mas'uda. Ta ce yau da idonta za ta gani. Ta sa su a gaba har ƙofar gidanta, aka fito da 'ya'yanta uku, Safiyatu ta ɗiga musu.

"Bismillah, malama mai alli. Ga bango. Ko shi ma ya yi miki tsawo?"

Hajo ta ɗaga hannu. Ta ja layi ɗaya. Sai ta kama gefen hijabi ta goge shi da sauri, har farar ƙasar bangon ta zubo.

"Ba ni rubutawa, Anti."

"Mi kika ce?"

"Ki kore ni in kin so. Amma ba ni rubuta ɗiyanki." Muryarta ta yi ƙasa. "Can ma ni na rubuta. Na sa shida ga bango, inda kowa ka gani. Ni na hwaɗa musu ɗiya nawa ne ciki. Naki ukku ne, Anti. Ƙaramin ko tahiya bai hwara ba."

Anti Mas'uda ta juya. Ta dubi bangon, ta dubi ɗan autanta da ke goye a bayan yayarsa yana tsotsar yatsan tawada.

Sai a lokacin ta gane gidajen nan goma sha biyu. Ba tsallake su aka yi ba. Hajo ɓoye su take yi. Matar da take shirin kora ta gwammace ta rasa abincinta da ta sa lamba a kan 'ya'yan mai korar.

Ta cire gilashin. Ta zauna a dakali, ta jawo Hajo kusa da ita.

"Hwaɗa min tun daga hwarko. Yau ba takarda."

Hajo ta yi magana har la'asar. Anti Mas'uda ba ta ce mata "ki manta" ba, ba ta ce "ke kaɗai aka yi ma?" ba. Da ta gama, abin da ta ce shi ne, "Masu ƙona rumbu ba su tsayawa karatun bango, Hajo. Amma na san ba yau za ki yarda ba. Ban allin."

A zagaye na gaba Hajo ta koma ɗaukar akwatin sanyi na maganin, Anti Mas'uda da kanta ta riƙa rubuta bango. Rubutun kuwa, Allah ya ba ku haƙuri, sai ka ce ƙadangare ya faɗa cikin garin tuwo ya tsere. Ta raka Hajo asibiti wurin ma'aikaciyar da ke duba masu ciwon damuwa, ba sau ɗaya ba. Ta kuma kafa doka: in an tashi aiki, a zauna gindin bedi, wato dogon yaro, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ranar farko aka gano Safiyatu mai baki ma tun zuwansu tungar ba ta iya kallon tuwon da ya kwana.

Abin da Hajo ba ta sani ba, Anti Mas'uda ta bi takwarorinta da waya ɗaya bayan ɗaya tana cigiyar mutanen tungar. Bayan wata uku aka ce akwai wasu a garin Isa, a wani gida da aka ba su aro.

Suka je. Kafin su yi sallama, wata 'yar murya ta ƙwala ihu:

"Inna! Ga mai kaza!"

Hajo ta durƙushe a wurin. Fatu ce, giɓin ya fara cikewa.

Uwar ta fito da yaran. Hajo ta ƙirga da ido. Ta sake ƙirgawa. Huɗu.

Ta dubi uwar. Uwar ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Baiwar Allah, ki sa muna lambar nan ga bango. Ko don a san muna nan."

Anti Mas'uda ta miƙa allin. Hajo ta karɓa, lambar ta karkace, amma ta rubutu: huɗu bisa huɗu. Ba ta goge ba.

"In zana miki wata kazar?" ta tambayi Fatu.

"A'a. Waccan za ta ji haushi. Mun baro ta tana tsaron gida, kuma ba ta cin komi sai alli."



Darasi: In ma'aikacin da ka sani da ƙwazo ya canza, kada ka fara da barazanar kora. Zaunar da shi ka tambaye shi abin da ya gani, ka saurara har ya gama, ka sauƙaƙa masa aiki, ka raka shi wurin masu magani. Ciwon damuwa ba lalaci ba ne, kuma ba ya fitowa a takarda. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, musamman masu gilashi a karan hanci.