Littafin Bajamushiya da Sunan Jaririyar Uwani

Ku da ba ku gajiya da gardama, ga wata na kawo muku, ku raba.

Uwani ta shekara bakwai tana neman digirin digirgir a falsafa. Bincikenta a kan wata Bajamushiya ce da ta rayu shekara ɗari da suka wuce, cikin masu cewa a dubi abu yadda ya bayyana, kuma abin yana nan ko da mai kallo ko babu. Uwani ta kafe cewa matar ta janye wannan ra'ayi kafin ta mutu. Malamin da aka ɗauko daga wata jami'a ya duba aikin ya ce, "Malama, ina shaida? Na ba ki wata biyu. In babu, a rufe fayil ɗinki." Ga ta kuma da tsohon ciki.

Ƙanwarta Ramlatu, mai aikin jinya a Jamus, ta ɗauki hutu ta bi ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu gari-gari. A gari na huɗu ta samo littafin da matar ta rubuta da hannunta, ta ɗauki hoton kowane shafi ta turo.

Aka buɗe, wallahi kamar kaza ta yi tono. Ashe gajeren rubutu ne irin na sakatarorin da. Sai aka tuna da Gwaggo Rakiya, wadda ta shekara talatin tana ɗaukar magana a kotu da gajeren rubutu. Ko kalma ɗaya ba ta ji a Jamusanci, alamomin ma ba irin nata ba ne. Ta sa aka nemo mata shafi guda na littafin da aka taɓa bugawa da baƙaƙen boko, ta jera shi da na hannun, ta bi alama bayan alama har sati uku, idonta na zubar da ruwa, ta mayar da littafin baƙaƙen da kowa ya sani.

Ƙawar Uwani, Sa'adatu, malamar Jamusanci, ta karanta ta ce, "Uwani, sai haƙuri. Matar nan ba ta janye komai ba, akasin maganarki ta rubuta." Uwani ta fashe da kuka, ta ce a tsallake shafin, wa zai sani? Sa'adatu ta ce ba da ita ba. Kwana biyar ba sa ga maciji da juna, sannan Uwani ta haƙura ta sake babin. Ranar kare aikin, shafin nan malamin ya fara tambaya, ashe ya san da shi.

Ta ci. Bayan kwana tara ta haifi mace, mijinta ya ce ta zaɓi wadda za a yi wa takwara cikin ukun: Ramlatu, Gwaggo Rakiya ko Sa'adatu. Suna jibi ne, har yanzu baiwar Allah ta kasa zaɓar ɗaya.

To jama'a, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?