Mutumin da Ya Bar Uwarsa a Bakin Iyaka

An yi wani mutum a nan Jibiya, a shekarun da aka kawo Shari'a, lokacin da wayoyi masu hoto suka fara cika kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya. Hatsi yake sayarwa. Ba ya sha, ba ya caca, sahun gaba yake salla. Abu guda ya kama shi, waya.

Ni mai ba ku labarin nan ban yi boko ba. Amma na ƙetare iyakar nan a ƙafa, na ƙetare ta a kan jaki, shekarar yunwa da shekarar da aka rufe ta, duk ina nan da raina. Abin da idona ya gani malamin makaranta bai karanta ba, don haka ku saurara.

Mutumin nan ya cika wayarsa da kokawar Nijar da damben gargajiya. A majalisa kansa a ƙasa. A wurin ta'aziyya kansa a ƙasa. Ka yi masa sallama ya ce "Uhm". Ka ce ya gida, ya ce "Haka ne." Ya 'yan uwa, wannan amsar sallama ce?

Yana da uwa tsohuwa, ana ce mata Inna. Tsufa ya rikita ta. Wata rana ta san shi, wata rana ta kira shi da sunan ubansa da ya daɗe da rasuwa. In ta ga ƙofa a buɗe sai ta ce za ta Bugaje, garin da aka haife ta, wai an bar ta da dakan gero. Ƙanwarsa Rabi'a, da ke aure a Maraɗi, ta aiko a kai mata tsohuwa likita ya duba ta. Ta ce masa, "Yaya, kada ka saki hannunta." Ya ce to.

Kun san yadda tafiyar take. Maza gaba, mata baya, haka aka tsara a mota tun da aka kawo Shari'a. In an iso shingen iyaka kowa ya sauka, a duba kaya, fasinja su taka a ƙafa su tarar da mota a gaba. Kafin direba ya tayar sai ya tambaya ko kowa ya ga nasa. Wanda ya zo da mace shi ke amsawa a kanta, don direba ba ya leƙa fuskar matan mutane.

Da suka sauka ya kama hannun Inna. Sai wani ya ce masa akwai sabuwar kokawa, zo in tura maka. Tura abin nan sai an haɗa wayoyi kusa da juna, sai ya saki hannunta. Ya ce, "Inna, bi matan can." Ya tafi yana kallon allo, ƙafa na tafiya, mutum ba ya nan.

Direban, Manu, ya waiwayo ya ce, "Alhaji, tsohuwarka ta shigo?"

Ya ɗan karkata kai, ya hango hijabi ruwan toka a baya. Ya ce, "Tana ciki, mu tahi."

Ashe wata mata ce da ta hau a nan bakin shinge, ta ga gurbi ta zauna.

Har Maraɗi bai waiwaya ba. A tasha mata suka sauka ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya yana jiran Inna. Mai hijabin tokar ta sauko da jariri a goye. Ya leƙa mota, babu kowa. Ya leƙa ƙarƙashin kujera, kamar uwa za ta shiga can. Ya ce wa Manu, "Ina ka kai ta?" Manu ya ce, "Ni? Da bakinka ka ce tana ciki. Mi kake so in yi, in buɗe lulluɓin matan mutane?"

Ya hau babur ya koma iyaka. Shin ta ƙetare ne, ko ba ta ƙetare ba? A Nijar ta ɓace ko a Najeriya? Shi kansa bai sani ba. Mai shayi ya ce kamar ya ga wata tsohuwa ta bi gonaki. Mai sayar da fetur a kwalba ya ce a'a, wata mota ta ɗauke ta. Da ya matsa masa sai ya ce, "Gaskiya ina waya lokacin." Ya tambayi 'yan acaɓa da ke zaune ƙarƙashin dalbejiya. Suka ɗago kai daga wayoyinsu suka ce, "Wace tsohuwa?"

Wani jandarma, jami'in tsaron Nijar, ya tausaya masa. Ya ce, "Kawo hotonta mu aika gaba." Ya ciro wayar. Ya danna, ga 'yan kokawa. Ya danna, ga ɗan dambe. Ga motar wani, ga ragon layya, ga shi kansa da sabuwar hula. Ya kai ƙarshe ya sake farowa. Babu Inna ko ɗaya. Jandarman ya ce, "To wane zane ta ɗaura?" Tun safe suna tare, bai dube ta ba.

An nema. An je Bugaje, an je Gangara, an yi cigiya a masallatan Juma'a na ƙasashen biyu. Wani ya ce an ga irinta a wani ƙauye tana neman turmi, aka je, ba ita ba ce. Ba a samu mai rai ba, ba a samu gawa ba. Liman ya rasa abin da zai ce, a yi zaman makoki ko a ci gaba da jira. Rabi'a ta zo ta dube shi, ta ce, "Hannu kawai na ce ka riƙe." Ba ta ƙara yi masa magana ba.

Ya bar rumfarsa, hatsi ya yi ƙwari. Yanzu a bakin shinge yake wuni. Duk tsohuwar da ta sauko daga mota sai ya matsa ya leƙa fuskarta, har an sha marinsa. Wani lokaci yakan tare mutum ya ce, "Ta shigo?"

Ya 'yan uwa, waya ba haramun ba ce. Amma Allah ya ba ka ido don ka ga wanda ke gabanka, ya ba ka amana don ka tsare. Mutumin nan ya ba da shaida a kan abin da bai duba ba, kuma a kan uwarsa. Ranar da za a tambaye shi ina ya bar ta, me zai nuna? Kai da ke saurarena da kai a sunkuye, ɗago ka dubi na kusa da kai tun yana nan.

Allah ya kiyaye mu da gafala, ya kiyaye mana iyayenmu. Inna kuma, in tana raye Allah ya haɗa ta da masu tausayi, in ta riga mu Allah ya sa an samu wanda ya sallace ta. Amin.